Jegon Balkisa da Tukunyar Pati

Da sunan Allah Mai juya zamani nake soma wannan.

Azumin bana ya same mu cikin sanyi. Tun zuwana Faransa, sau biyu ke nan watan yana zagayowa ya faɗo daidai lokacin da itatuwa suka tsaya tsirara, rana kuma ta zama baƙuwa. A cikinsa autarmu Nafisa ta haihu, nan Vaulx-en-Velin, a gida mai ɗumi har mutum ya tuɓe babbar riga. Ina zaune ina kallonta tana rungume da jaririnta gaban kowa, tana sumbatarsa, tana kiran sunansa, tana ɗaukar hotonsa da waya. Uwarta Balkisa tana madafa, ƙamshin tsamiya da tafarnuwa ya cika gidan. Mijin Nafisa, ɗan Maraɗi ne, ya shaƙi ƙamshin ya ce, "Baba, wannan miyar ta wane gari ce? Ban san ta a ƙasar Hausa ba."

Na ce masa ba ta Hausa ba ce, sunanta dalca, kuma ni na riga surukarsa iya ta. Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. To, shi nake ba wannan labari, da duk wanda ya so ji.

Shekara talatin da ɗoriya ke nan. Muna zaune a Saint-Denis, a wani tsohon otal da aka mayar ɗakunan haya, can bene na sama. Kowane iyali ɗaki ɗaya, madafa ɗaya a ƙarshen baranda don kowa da kowa. Ni ina aiki a shantiye, wato wurin gini, ina dama siminti. Da sanyi ya tsananta siminti ya ƙi kamawa, aka ce mu zauna gida sai an neme mu. Ba a neme mu ba. A makon nan kuma bututun shofaj mai ɗumama gidan ya mutu, mai gida yana ta alkawarin gyara. Bangon ɗakinmu ya riƙa gumi, ya yi baƙi daga kusurwa. Da safe sai ka ga ƙanƙara ta kama gilashin taga daga ciki. Ruwa kuwa ba irin namu ba mai zuwa da tsawa ya wuce. Siriri ne, yana sauka yini guda, ya shiga takalmi ya kwana a ciki.

Azumin gida ƙishirwa ce. Na nan kuwa gajere ne, amma yunwarsa tana haɗa kai da sanyi su shiga ƙashi. Abin da muke da shi biredi ne da shayi, sai shinkafa da mai. Wani lokaci nakan shiga metro har Montreuil, fwaye, gidan kwanan ma'aikata inda 'yan'uwanmu maza ke zaune, in karɓo kunun buɗa-baki a kwano. Kafin in iso ya sandare.

Cikin wannan hali Balkisa ta haihu, haihuwar fari, 'ya mace. Na sa mata sunan mahaifiyata, Hadiza.

A garinmu, kusa da Damagaram, mai cikin fari ba ta haihuwa a ɗakin miji. Gidan iyayenta take komawa. Can tsofaffi za su tafasa mata ruwan wanka safe da yamma, su dama mata kunun kanwa, su cika ta da nama har ta yi arba'in. Kuma akwai kunyar ɗan fari. Yarinyar kirki ba ta kallon ɗanta na fari gaban mutane, ba ta kiran sunansa, ba ta nuna tana sonsa. In ya yi kuka sai ta kau da kai, har sai wata gwaggo ta daka mata tsawa ta ɗora mata shi a cinya. Kowa ya san wasan. Ita tana ƙi, tsohuwa tana tilasta mata, yaro yana ƙoshi, mutuncinta kuma yana nan. Mun taho Faransa da kunyar, amma tsohuwar mun baro ta a gida. Wata Hajiya 'yar Garwa ta zo ranar suna da fanke, ta yi mana kirki, sai dai tana da aikinta da nisanta. Da baƙi suka watse, ni kaɗai na rage a ɗakin, ba aiki, ba wurin zuwa, ina zaune yini guda a kan buzu. Balkisa ba ta iya ba da nono ina kallo. Sai ta juya wa bango, ta lulluɓa, ta yi sauri-sauri ta ajiye yarinyar.

Yarinya ta fara ramewa. Kukanta ya koma kamar na ɗan kyanwa. An ba mu madarar gwangwani da bibiro, kwalbar shayar da jarirai, ta sha ta amayar, har muka ji tsoron ba ta. Na ɗauko tawadar da na zo da ita daga gida, ba allo, sai na yi rubutu a farin faranti na wanke na ba Balkisa. Ta sha da bismilla. Na roƙi Allah ya buɗe mana ko ta wace ƙofa ce.

Akwai wata ma'aikaciyar awon jarirai da ke zagaya gidajen masu jego, Madam muke ce mata. Mace ce mai hankali, ba ta taɓa ɗaga mana murya ba. Ta zo, ta taɓa bango ta dubi yatsunta, ta ɗora Hadiza a ma'auni. Ta miƙa wa Balkisa ita, Balkisa ta sunkuyar da kai, ni na karɓa. Ta tambaye ta sunan yarinyar, na fassara, Balkisa ta dubi ƙasa. Ta yaya za ta kama sunan 'yar fari, sunan surukarta kuma?

Madam ta ja ni baranda ta ce, "Yarinyar tana raguwa. Uwar kuma ba ta kallonta, ba ta ɗaukarta, ko sunanta ba ta faɗa. Na sha ganin haka, ciwo ne da ke kama mata bayan haihuwa."

Na ce al'adarmu ce. Faransancina na shantiye ne, na san sunan shebur da bokiti, ban san yadda ake cewa kunya ba. Kalmar da na samu ta fito kamar ina cewa matata tana jin 'yarta abin kunya ce. Na ga fuskar Madam ta canza.

Ta ce, "Ku kawo ta wurin awo mako mai zuwa. In ba ta ƙaru ba, za a kwantar da ita a likita. Daga nan kuma ba ni kaɗai zan yanke inda za ta zauna ba."

Na san abin da wannan ke nufi. A fwaye an sha ba da labarin yaran da hukuma ta karɓa ta ba wasu riƙo. Ban gaya wa Balkisa duka ba, amma ta karanta a fuskata. Na sauka wurin wayar titi na kira wani aminina ɗan Cadi, Alhaji Mahamat, da ke Lyon. Muka gajarta gaisuwa, na gaya masa. Ya ce, "Malam Isuhu, ku shigo jirgin ƙasa ku taho, ɗakina naku ne." Na tsaya cikin akwatin wayar ina rawar ɗari, ina tunanin yadda zan ɗauki jaririyar da ba ta fi damtsena ba in ratsa ƙasa da ita cikin wannan sanyi, kuma in an neme mu aka rasa, me za a ce mun yi.

Washegari ina shirin sallar walaha aka turo ƙofa ba sallama. Tsohuwar ɗakin da ke jikin namu ce, baƙa siririya, da farin zane naɗe a jiki da rigar sanyin maza a kai, da toka a goshi. Mutanen kudancin Indiya ne, Tamil ake ce musu. Tana zaune da ɗanta mai wanke kwanuka a wani gidan abinci a Paris. Duk gidan Pati ake kiranta, wato kaka. Ba musulma ba ce, kuma ban taɓa wuce gaisuwa da ita ba. Ashe ta bango take jin kukan yarinyar.

Ta wuce ni kamar ba ni wurin. Ta kama hannun Balkisa ta matsa, ta ja fatar idonta ta leƙa. Sannan ta juyo gare ni da Faransancinta da ya fi nawa karyewa.

"Tana ci?"

Na ce tana ci, tare muke buɗa-baki.

"Da rana?"

Na ce ina bar mata biredi. Pati ta ɗaga murfin kwanon da ke kan akwati. Biredin safe yana ciki, ko gutsura ba a yi ba. Shi ne wanda Balkisa ke ajiye mini da magariba, ni kuma ina ci ina zaton wani ne. Maijego ba ta azumi, ta sani, na sani. Amma ta ji nauyin tauna abu da rana cikin Ramadan mijinta yana zaune da bushasshen baki, kuma abincin bai isa biyu ba.

Na ce, "Balkisa, don me?"

Ta ce, "Malam, ba na jin yunwa ne."

Pati ta fita ta dawo da ɗan kwano mai miya. Na tsaya ina kallon kwanon, ban miƙa hannu ba. Ta yi tsaki.

"Na sani, tambi. Ku sai yankanku." Tambi ƙane ne a harshensu, haka ta riƙa kirana. "Wannan ganye ne kawai. Amma ita nama take so. A ƙauyenmu musulmi suna layin bayanmu, ƙawata ta koya mini abincin bikinsu. Kai kawo nama, kai kawo tukunyarka. Ni tun da mijina ya mutu ba na taɓa nama. Hannunka, bakina."

Akwai wani mahauci Balarabe a bakin kasuwa da nake sallar Juma'a tare da shi. Ban iya roƙonsa ba. Na ce masa ko yana son mai sauke kaya. Ya dube ni, ya dubi takalmina, ya ce in zo da safe. Haka na riƙa saɓa gawar tumaki masu sanyi kamar dutse daga mota zuwa ɗakin ƙanƙara, kafaɗata ta mutu, yatsuna suka tsage. In na gama sai ya cika mini leda da ƙashin wuya da na haƙarƙari, yana barin tsoka a jiki da gangan, yana yi kamar wuƙarsa ce ba ta ci.

Ni da ban taɓa ɗora tukunya ba sai ta shayi, ga ni a madafar gidan haya da tsakar rana, matan gidan suna leƙowa suna ƙunshe dariya. Pati ta zauna a kujera ta ɗora hannu a gwiwa tana ba da umarni. Ta kawo wani wake ƙanana rawaya, kowace ƙwaya a rabe biyu, paruppu suke ce masa. Ta sa na wanke shi har ruwan ya yi fari tas, na jiƙa. Na wanke ƙashi na zuba a tukunya da ruwa da kurkum da gishiri. Ta ba ni citta da tafarnuwa mai yawa in daka. Ba turmi, sai na daka da gindin kwalba.

"Ƙara tafarnuwa. Don nono ne. Jan barkono babu, yarinya za ta sha shi a jikin uwa. Masoro kaɗan."

Da na zo yanka albasa ta kama baki. "Gemu har ƙirji, albasa ta fi ƙarfinka. Sirara, tambi. Ba itace kake faskare ba."

Ƙashi ya daɗe yana tafasa, tana sa ni kwashe kumfa. Da tsoka ta fara sakin ƙashi aka zuba waken, aka rage wuta. Ta ce kada in bar gindin ya kama, don haka na tsaya ina juyawa, tururi yana dukan fuskata. Ban taɓa jin azumi ya yi mini tsawo kamar a bakin tukunyar nan ba. Wake ya narke ya zama kamar kunu mai kauri. Aka sa baƙin yalo da tumatir. Ta ce a gida da ɗanyen mangwaro ake yi, nan kuwa sai haƙuri. Ta ciro wani dunƙule baƙi daga gwangwani ta jefa a ruwan zafi, na shinshina na ce, "Tsamiya." Ta ce wani suna nata. Muka dubi juna, ita da itacen ƙauyensu, ni da wanda ke ƙofar gidan babana.

Na ƙarshe shi ne mai. Ta sa na zafafa shi a ƙaramin kasko, na jefa kirfa da kanumfari da wasu ƙwayoyi baƙaƙe da suka riƙa tsalle suna fashewa, sai busasshen ganye da albasa. Da na juye shi a tukunya ya yi ƙara, ƙamshi ya bi baranda har ƙasan bene.

Pati ta ce, "Gishiri. Ɗanɗana."

Na ce ina azumi.

"Ni kuma ba na cin nama. To, wa ya rage?"

Ta sa na ɗauki tukunyar zuwa ɗaki. Ta ɗebo a cokali ta kai bakin Balkisa, ta ce in gaya mata taimako ake nema, kada abincin buɗa-bakin mijinta ya lalace. Balkisa ta kurɓa ta ce ya yi. Pati ta girgiza kai, ta barbaɗa gishirin da bai fi ƙwaya uku ba, ta sake miƙawa. Sannan tsami, ya ji ko bai ji ba? Sannan naman, ya yi laushi? Sai Balkisa ta tauna ta gani. Sannan da shinkafa, ko ya dace? Ina tsaye ina fassara wannan shirme da fuskar gaske, har na ga gumi ya tsattsafo a goshin matata, karo na farko tun haihuwa. Hawaye na zuba mata tana haɗiya.

Yarinya ta motsa ta soma ɗan kukanta. Balkisa ta kau da kai. Pati ta dube ta, ta dube ni, ta nuna mini ƙofa.

"Fita."

Na zauna a matakala da carbi. Ta cikin ƙofa na ji tsohuwar ta buɗe murya da harshensu, faɗa take yi ba numfashi. Ban san kalma ɗaya ba, amma na san faɗan, irin na gwaggona ne sak. Daga baya ta gaya mini su ma mai cikin fari gidan uwa take haihuwa, kuma ita ɗiyarta tana can ƙasarsu, ta haihu ba ta je ba.

Haka muka yi kwanakin. Safe ina wurin mahauci, hantsi ina madafa, azahar ina matakala. Da yamma in tafasa ruwa a tukunyar nan dai bayan an wanke ta, Pati ta yi wa Balkisa wanka da tawul, tunda ba ganyen darbejiya. Nono bai zo rana ɗaya ba. Akwai ranar da motar nama ba ta zo ba saboda ƙanƙara ta rufe hanya, muka dafa wake da tsamiya kawai. Akwai ranar da yarinyar ta yini barci ba ta ko neman sha, na riƙa kai kunnena bakin hancinta. Ina ɗaga ta a tafin hannu ina auna ta da zuciya, yau in ce ta yi nauyi, gobe in ce ƙarya nake wa kaina.

Ranar awo muka naɗe ta cikin bargo, na sa ta cikin rigata. Pati ta ɗaura ɗankwali a kunne ta biyo mu, ba wanda ya gayyace ta. Ɗakin awon yana da ɗumi da haske, mata cike da benci. Aka kira mu. Madam ta tuɓe Hadiza ta ɗora a ma'auni, ta daɗe tana kallon allurar.

Ta ce, "Ta ƙaru. Kaɗan ne, amma ta ƙaru." Ban gama hamdala ba ta ci gaba. "Sai dai har yau ban ga uwar ta ɗauke ta ba. Ba zan iya cewa komai lafiya ba alhali ban gani ba. Ina so ta ba ta nono a nan, ina kallo."

Na fassara. Yarinya tana kan tebur tsirara tana kuka, kukan da ya fi na da ƙarfi. Balkisa ta dunƙule hannuwanta cikin mayafi. Ga ni, ga baƙuwa, ga ƙofa a buɗe mata suna leƙe. Na ga gaban rigarta ya jiƙe, amma ta kasa motsi. Madam ta jira, ta jira, sannan ta kai hannu wajen wayar da ke kan teburinta.

Sai na ji muryar Balkisa ƙasa-ƙasa, ba ta ɗago kai ba.

"Malam, ce wa Pati ta yi mini faɗa."

Na juya ga tsohuwar na ce mata da Faransancin da nake da shi, "Yi mata ihu, Pati. Irin na gida."

Ba ta tambayi dalili ba. Ta miƙe, ta gyara zanenta, ta sauke wa Balkisa faɗan da ya sa benci duka ya yi tsit. Ta sure yarinyar daga tebur ta dangwara mata a cinya, ta ƙara da yi wa uwar dundu a kafaɗa. Balkisa ta ɓata fuska kamar an zalunce ta, ta juya wa bango, ta ja mayafi. Ni ma na juya ina kallon taga. Kuka ya yanke. Ɗakin ya yi shiru har ana jin haɗiyar yarinyar.

Madam ta zagaya a hankali ta tsaya ta gefen bango, inda fuskar Balkisa take. Ban san abin da ta gani a wurin ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Ta daɗe a tsaye. Da ta dawo ba ta koma wajen wayar ba. Ta ɗauko bargon ta miƙa mini, ta nuna Pati da haɓa.

"Wannan wace ce a wurinku?"

Na buɗe baki ina neman kalma. Balkisa ce ta amsa daga cikin mayafi, da ɗan Faransancin da ban san ta iya ba. Ta ce uwarta ce.

Madam ta dubi tokar goshin tsohuwar, ta dubi mayafin matata, ta ce, "To, ku gaya wa uwar ta ci gaba da abin da take yi. Ku rufe yarinyar da kyau, ana ruwa a waje."